Masu alobera, tsinke ya ishe ku sanin lokacin ba ta ruwa

Jama'a, in kuna da alobera a tukunya, ku daina zuba mata ruwa kullum.

Ku samo busasshen tsinken tsire, ku soka cikin ƙasar har gindin tukunya, ku zaro. In ya fito da danshi ko ƙasa ta manne masa, ku ƙyale ta. In ya fito a bushe ƙayau, sai ku ba ta sosai har ruwa ya ɓullo ta ƙasa.

Ganyen nan mai kauri ruwa ne ta adana, ƙishi ba ya saurin kashe ta. Jiƙa ce ke ruɓar da saiwa, ganye ya yi laushi ya koma ruwan ɗorawa. Mai ita ya ga haka ya ce ƙishi ne, ya ƙara ruwa. Shi ke nan.

Amma in tukunyar ba huda, ko ƙasar laka ce zalla, tsinke ba zai cece ta ba. Ku huda gindin, ku gauraya ƙasar da yashi mai tsakuwa. Ni na fi son tukunyar ƙasa a kan ta roba, ta fi saurin tsotse danshi.

Da damina ku ja ta ƙarƙashin rumfa. Wadda ta saba da ɗaki kuma kada ku kai ta ranar bazara kai tsaye, ganyen zai ƙone. Ku fara da ranar hantsi.