Yadda nake raya gawo da ɗorawa a gona

A gonarmu ta Alkaleri na daina tone kututture lokacin sharar gona. In ka ga gawo ko ɗorawa sun yi toho, zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi, ka sare sauran da wuƙa mai kaifi, daga ƙasa zuwa sama, don kada ɓawon ya yage. Sai ka kewaye da ƙaya. Bara awaki sun cinye mini guda huɗu, har yau abin yana mini ciwo.

Gawo na fi ƙauna: da damina yake kaɗe ganye, gero ya sha rana a gindinsa. Dogon yaro kuwa baƙo ne daga Indiya, kada a bari ya maye gurbin namu.