Kafin ka ce sabon katin ya lalace

Jama'a, duk wanda ya haɗa kwamfutarsa da kansa, ya soka katin PCIe (katin ƙari da ake sokawa a babban allon kwamfuta, wato madabod) amma gudun bai kai ba, to ya fara duba gurbin da ya sa shi. Tsawon gurbi yaudara ne: wani ka gan shi x16, wato tsawon mai layuka 16 na wucewar bayanai, alhali layuka 4 kacal aka jona masa. Littafin madabod zai nuna maka. A wasu allunan ma, da ka sa ƙaramar ma'ajiyar bayanai ta M.2, sai wani gurbin ya mutu.

Katin da ke ɗaukar ma'ajiyar bayanai ta NVMe guda huɗu kuwa, yawanci sai ka shiga BIOS (saitunan madabod) ka raba gurbin zuwa x4x4x4x4, wato layuka huɗu-huɗu, in ba haka ba ɗaya kawai za ka gani.

Cire wuta tukuna, ka danna katin har ya zauna daram. Direba kuma, wato manhajar da ke sa katin aiki, ka ɗauko daga kamfanin da ya ƙera katin.