Yadda za ka ga da idonka inda intagirin yake kama abin da yake manne wa

Ɗalibai da yawa sun haddace cewa intagirin furotin ne da ke jikin fatar ƙwayar halitta, yana liƙa ta da abin da ke kewaye da ita. Amma in ka ce su nuna maka ainihin wurin da kamun yake faruwa, sai a yi tsit. Ga hanyar ganinsa, kwamfuta da intanet kawai kake buƙata.

Da farko shiga shafin RCSB, rumbun siffofin furotin na kyauta, ka rubuta 1L5G a wurin bincike. Wannan siffar intagirin αVβ3 ce, wadda ƙungiyar Amin Arnaout ta birnin Boston a Amurka ta fitar a 2002, tana riƙe da ɗan guntun furotin mai ɗauke da RGD, wato jerin tubala uku da intagirin yake kamawa. Buɗe hoton da ake juyawa.

Kada ka yi saurin shiga ciki. Juya shi tukuna ka ga yadda ya durƙusa. Sarƙoƙi biyu ne, alfa da beta, kowanne da kalarsa, sun haɗa kai a sama, ƙafafuwansu sun lanƙwashe a gwiwa har kan ya sunkuyo kusa da ƙasa. A jikin mutum akwai alfa iri 18 da beta iri 8, suna haɗuwa su ba da intagirin iri 24. A kan alfa za ka ga wani zobe mai fukafukai 7 kamar fanka.

Yanzu nemo ƙaramar sarƙa ta uku, ka danna ta. Tana zaune a tsagin da ke tsakanin kawunan biyu, kuma a nan ya kamata ka ɓata lokacinka. RGD na nufin arjinin, gilaisin da aspatet, uku daga cikin amino asid, wato tubalan da ake gina furotin da su. Erkki Ruoslahti da Michael Pierschbacher ne suka gano a 1984 cewa waɗannan ukun, a cikin faibironektin, wani furotin da ke kewaye da ƙwayoyin halitta, su ne ƙwayar halitta take kamawa.

Bi arjinin ɗin. Dogon hannunsa mai cajin ƙari ya miƙe zuwa alfa, inda aspatet na 218 da na 150 a jerin sarƙar alfa, masu cajin ragi, suka riƙe shi. Koma ɗaya gefen ka bi aspatet ɗin guntun. Shi beta ya nufa, ya kama wata ƴar ƙwallo. Ƙarfe ne: a wannan siffa manganis, a jikin mutum kuma yawanci magnesiyam. Wurin zamansa ake kira MIDAS, kuma amino asid ɗin beta, wato serin na 121 da 123 da gilutamet na 220, suna cikin masu tallafe shi. Aspatet ɗin guntun ne yake cike gurbin da ya rage. Ni a ganina wannan ne wurin da ya fi kyau a duk siffar, domin da ka cire ƙarfen, kamun ya warware. Gilaisin da ke tsakiya ba shi da reshe, shi ya sa ya kwanta lif a tsagin.

Sai ka buɗe 1JV2, siffar 2001 da ba ta riƙe da komai, ka kwatanta tsagin.

Da wannan hoto a kanka za ka gane maganin tirofiban, wanda yake kwaikwayon RGD ya toshe intagirin αIIbβ3 na ƙwayoyin da ke daskarar da jini, don hana gudan jini. Haka kuma ciwon sikila da ya addabi gidaje da yawa a ƙasar Hausa: jajayen ƙwayoyin jini da ba su gama nuna ba suna ɗauke da intagirin α4β1, wanda yake kama furotin VCAM-1 a bangon jijiyar jini, ya taimaka wajen toshe ta. A can ba RGD ba ne, amma aspatet ne dai yake kama ƙarfen.