Kurakuran da aka fi yi da sigma-delta a na'urar karɓar sigina

Ɗaliban injiniyan lantarki na ajin ƙarshe a nan Bauchi da ke haɗa rediyo a furojet, ADC ɗin sigma-delta, wato wani nau'in na'urar da ke mayar da sigina zuwa lambobi, shi ne ya fi ba su ciwon kai, kuma tun a lissafi suke zamewa. Yaro ya ji an ce a ɗauki samfur da gudu fiye da ƙa'idar Nyquist (wato ninki biyu na faɗin zangon sigina), sai ya zaci gudun kaɗai zai kai shi bit 16. Ninka gudu sau biyu desibel 3 kacal yake ƙarawa, wato rabin bit; sai ka ninka sau huɗu kafin ka ci bit guda. Ribar gaske tana zuwa ne idan madaukin sigma-delta, mai dawo da sakamako baya don gyara kuskure, ya kora hayaniyar kimantawa (kuskuren da ake samu wajen mayar da sigina lamba) zuwa sama, wajen zangon da kake saurare. Mai mataki ɗaya yana ba da desibel 9 a kowane ninki, mai mataki biyu kuwa 15.

To amma korar hayaniya ba kashe ta ba ce. Shara ce aka tura bayan ƙofa, tana nan sai an kwashe. Mai kwashewar ita ce matatar da ke rage samfur. Ka rage ba tare da ka tace sosai ba, duk abin da ka kora zai naɗo ya dawo cikin zangonka. In matata nau'in CIC kake amfani da ita, matakinta ya ɗara na madaukin da ɗaya: madauki mai biyu, matata mai uku.

Inda na fi ganin ana ɓata lokaci shi ne zaton cewa kowace hayaniya ake korawa. Ta kimantawa ce kaɗai. Hayaniyar zafi da ke shiga tun a bakin na'ura ba ruwanta da madaukinka. Kafasito mai pikofarad 1 yana kawo kusan mikrovolt 64, kuma babu matakin da zai cire shi. Haka rawar agogo: in siginarka tana megahaz 100, agogon kuma yana rawar pikosakan 1, kusan desibel 64 ne rufinka, ko da manhajar lissafi ta MATLAB ta nuna maka 100. Sai wutar da kake ba allon. Da yawa cajar waya mai arha ta kasuwa suke jonawa, su kwana suna neman laifin lambobinsu alhali layukan da ke tsaye a hoton mitocin siginar daga cajar suke. Ka cire ta, ka sa batir da regyuleta mai kyau, ka sake aunawa kafin ka taɓa komai.

A kula da faɗin zango kuma. Tsarin waya na GSM kilohaz 200 ne, ninkin gudu 64 a wurinsa agogon megahaz 12.8 ya isa. Tsarin LTE (4G) mai megahaz 20 kuwa, wannan ninkin yana neman gigahaz 1.28. Shi ya sa a zango mai faɗi ake rage ninki, a ƙara mataki ko yawan bit. Ƙara bit ɗin ma da nasa sharrin, domin rashin daidaiton sassan DAC ɗin madauki (mai mayar da lambobi zuwa sigina) yana shiga kai tsaye sai an riƙa juya su.

Daga mataki uku zuwa sama, madauki mai bit ɗaya kan haukace. Ka riƙe ƙa'idar Lee, kada ƙarfin korar hayaniya a wajen zango ya wuce 1.5, sannan ka gwada da sigina mai ƙarfi a gefen zangonka. A gari ba kai kaɗai ba ne a iska: ga turken kamfanin waya a unguwa, ga wayar da ke aljihunka.

Wajen aunawa, kada ka yi FFT (lissafin da ke fitar da hoton mitoci) tsirara. Ka sa tagar Hann, in ba haka ba hayaniyar sama za ta tsiyayo ta rufe maka ƙasa. In kuma ka ga wasu layuka sun fito lokacin da ka ba ADC ɗin DC, wato sigina tsayayyiya, halin ƙaramin madauki ne, ɗan gauraya masa hayaniya kaɗan a gaban mai kimantawa yana watsa su.