Yadda Za Ka Sayi Gida Ko Fili A Gwanjon Intanet Ba Tare Da An Damfare Ka Ba

Jama'a, gwanjo yanzu ya koma cikin waya. Kwastam tun 2017 zamanin Hameed Ali suka fara saida kayan da suka kama ta intanet, suka sake buɗe shafin a Janairun 2024, EFCC ma ta yi gwanjon motoci ta intanet a Janairun 2025, ga bankuna da AMCON, hukumar da ke karɓo basussukan bankuna da aka kasa biya, da ke saida gidajen waɗanda bashi ya ci. To 'yan damfara ma sun ga wannan kasuwar kuma wallahi sun shige ta da ƙafar dama. Babban makaminsu shi ne gaggawa, “saura awa biyu a rufe, ka tura kafin alƙalami yanzu”. Don haka duk binciken da za ka yi ka gama shi tun kafin ka taya, in ka riga ka danna to bakin alƙalami ya bushe.

Abu na farko, ka gano waye ma ke gwanjon. Kar ka taɓa shiga ta link ɗin da aka turo maka a WhatsApp ko Facebook, kai da kanka ka rubuta adireshin shafin hukumar, na gwamnatin Najeriya yawanci yana ƙarewa ne da .gov.ng, daga can za ka ga sanarwar in da gaske ne. Hoton mutum da kakin Kwastam a profile ba hujja ba ce, satar hotunan ake yi, kuma hukumar ta sha fitowa tana cewa babu jami'inta da ke gwanjo a Facebook. Gwanjonsu na gaske sai kana da lambar haraji ta TIN kafin ma ka yi rajista. In kamfanin gwanjo ne mai zaman kansa, duba sunansa a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka nemi lasisinsa, ka kuma taka har ofis.

Na biyu, kuma nan ne nake so ka tsaya ka natsu, takarda. A dokar filaye ta 1978 duk ƙasar jiha tana hannun gwamna ne, abin da kake saya haƙƙin zama ne, galibi na shekara 99, kuma ba a mayar da shi sunan wani sai da amincewar gwamna. Saboda haka hoton C of O, wato takardar shaidar haƙƙin zaman, da aka ɗora a shafi ba komai ba ne, yaro ma da waya zai haɗa maka shi. Ka karɓi lambar fayil ka kai ofishin filaye, a Kano KANGIS, a Kaduna KADGIS, a Abuja AGIS, ka biya kuɗin bincike a hukumance a duba maka sunan waye a kai, an jinginar da shi a banki ko a'a, an soke takardar ko tana nan, kuma nawa ake bin sa na harajin ƙasa, don wannan bashin kai zai dawo wa. In an ce gidan kotu ce ta ƙwace ko banki ne ke saidawa, ka sa lauya ya ga takardar hukuncin da idonsa ya kuma tabbatar ba a ɗaukaka ƙara ba. Kuɗin lauya na san yana da ciwo amma ina laifin ka kashe kaɗan ka tsira da miliyoyi?

Daga nan sai ka taka ƙafa ka je wajen. Sayen biri a sama shi ke kai mutane asibiti da hawan jini. Hoto ba zai nuna maka katangar da ta tsage ba, ko layin ruwa da damina ta bari a jikin bango har zuwa gwiwa, ko jan fentin gargaɗin rusau da hukumar tsara birni ta shafa a ƙofa, ko 'yan haya guda shida da suka biya kuɗin shekara biyu. Ka gaida maƙwabta, ka je wajen mai unguwa, ka tambaya gidan waye, in na gado ne an raba? Duk magada sun yarda? Gidan gado da mutum ɗaya ya saka a kasuwa a ɓoye rigima ce da za ta kai ka kotu shekara da shekaru. In kana nesa, ko kana ƙasar waje, ka tura ɗan uwanka da ka yarda da shi, ba wanda mai saidawar ya zaɓa maka ba. Kuma ka tuna yawancin gwanjo yadda ka ga kaya haka za ka ɗauka, ba a dawowa.

Sai ranar tayi. Ka karanta sharuɗɗa tukuna, kwana nawa ake ba wanda ya ci ya biya, me zai rasa in ya kasa, akwai la'ada ko haraji a saman farashin? Ka haɗa duka ka yanke iyakarka ka rubuta a takarda. Don akwai 'yan kore, masu tayawa ba don su saya ba sai don su zuga ka, abin da Manzon Allah (SAW) ya hana tun tuni, kuma a intanet mutum ɗaya zai iya buɗe akawun uku yana taya kansa. In farashi ya wuce abin da ka rubuta ka ajiye wayar kawai.

Wajen biya magana ɗaya ce, ba a tura kuɗin gwamnati asusun mutum. Hukumomin tarayya ta hanyar biya ta hukuma ko bankin da suka ayyana suke karɓa, da rasit. Duk wanda ya ce ka tura wa “oga” a asusunsa zai gyara maka ka ci, ɓarawo ne. Kar ka ba kowa OTP, wato lambar da banki ke turo maka a waya don tabbatar da biya, ko lambar sirrin katinka.

Kai kuma mai saidawa, kar ka ɗora cikakken hoton takardarka, ka rufe lambar fayil da sa hannu don da shi za su je su saida gidanka wa wani. Kar ka yarda da sikirinshot ko alat na tes, buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin sun zauna, wanda kuma ya ce ya turo fiye da kima ka maido masa ragowa, ka ce ya je bankinsa. Takardun asali sai an gama biya, a gaban lauya da shaidu.

In kuma tsautsayi ya riga ya faɗa, kar kunya ta sa ka yi shiru. Kira bankinka a take ka nemi su sa a riƙe kuɗin a asusun da suka shiga, ka adana hirarku da lambar waya da rasit ɗin, ka kai ƙara wajen 'yan sanda ko EFCC a ranar, don kuɗin ba sa kwana a asusun farko.