Shawara ga masu tallan atamfa da leshi a WhatsApp

Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'a. Duk wadda take saro atamfa ko leshi a Kantin Kwari tana sayarwa daga gida, ina ba ta shawarar ta koma amfani da WhatsApp Business, manhajar da aka fitar a 2018 domin ƙananan 'yan kasuwa, kuma kyauta ake sauke ta. A cikinta akwai kundin kaya, inda za ki jera hoton kowace turmi tare da farashinta, ta yadda mai saye ba sai ta yi ta tambayar "nawa ne" ba.

Abin da aka fi yin kuskure a kansa shi ne jerin aika saƙo ga mutane da yawa lokaci guda. Jerin yana ɗaukar mutum 256, amma saƙon ba ya isa sai ga wanda ya adana lambarki a wayarsa, don haka ki roƙi kowace mai ciniki ta adana ta tun ranar farko. Hoton sitatus kuwa awa 24 kawai yake yi, kuma a ganina hotuna biyar masu kyau sun fi hamsin da za a wuce ba a duba ba.

Ki ɗauki hoton da hasken safe, ba na kwan lantarki ba, domin launin da ya saɓa da na zahiri shi ne yake jawo a dawo da kaya. Ki kuma rubuta kuɗin kai kaya tasha a fili.