Yadda ake raɗa wa jaruman wasan tebur suna na biyu

A wasa irin Dungeons & Dragons, inda kowane ɗan wasa ke hawa matsayin wani jarumi a labarin da mutum ɗaya ke ja, suna ɗaya ba ya wadatarwa. Da an samu Musa biyu a labari, 'yan wasa sun rikice. Mafi sauƙi shi ne sunan uba: Musa Garba. In jarumin ɗan birni ne, unguwa ta fi armashi, Yakasai ko Fagge, marini kuwa ka jingina shi da Ƙofar Mata. Sana'a ma tana yi. Da an ce Maiturare, kowa ya san abin da yake kasawa a Kurmi. Galadima da Madaki sarauta ce, kada ka laƙaba sai ga ɗan gidan.

Mai jan labari ya tanadi sunaye goma a takarda kafin zama, kada biyu su fara da harafi ɗaya.